Sandar da Ta Ƙi Karyewa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin sha tambayata aikin da nake yi a ɗakin gwaji. Wani ƙarfe muke gwadawa, tungsten, wanda wuta ba ta narkar da shi da wasa. Zallansa taurin kai gare shi irin na Kawu: in an matsa masa ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Amma in aka surka shi da ɗan renium, wani ƙarfen, sai ya tanƙwara bai karye ba.

Ranar Talata na sa sandar zalla a injin matsawa gaban shugaban sashe, sai ta tanƙwara maimakon ta karye. Kunya ta rufe ni, bakina ya riga hankalina, na ce Baba Mai Tanda ne bai share tandar narka ƙarfe ba, ragowar renium ta shiga. Dattijon da ya shekara ashirin yana narka mana sanduna ya dubi sandar, ya dube ni, bai ce uffan ba. An dakatar da shi daga aiki. Shirun nan ya tsaya mini a rai.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ni dai jikina ne kawai lafiya.

Sakamakon awon sandar ya fito: renium kashi biyar cikin ɗari cif. Dauɗar tanda ba ta zuwa cif, haɗin da na auna da hannuna ne. Baba yana da al'ada, yakan yi wa gindin sanda tsaga da magagari, ɗaya ga zalla, biyu ga mai surki. Na sha yi masa dariya, wai ni mai liƙa wa kowace sanda takardar shaida. Na juya sandar, sai ga tsaga biyu. Ashe ni na musanya takardun bisa kuskure.

Na faɗa wa shugaba gaskiya, sannan na je gidan Baba. Ya ba ni kujera, ya tambayi lafiyar Inna. Ya ce tun daga inda yake tsaye ya hango tsagar, amma gwajina na farko ne, bai so ya kunyata ni gaban mutane ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya ya dawo aiki, har yanzu na kasa haɗa ido da shi. Yau da safe na tarar ya ajiye mini magagari a kan teburina.

Don Allah kar ki gaya wa Inna.

Ƙaninki,
Auta