Bango Ɗaya Tsakanin Ajina da Naka

Malam Isiyaku, aminina,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Amma shekara biyu ke nan bakina ya kasa, bari hannu ya gwada.

Mutanen gida lafiya. Inna ta rage kuka, sai in an ambaci sunanka. Ƙanenka ya girbe masarar gonarka ta Kafin Dafga, ta yi kyau. Makarantarmu ta Karaye tana nan yadda ka bar ta, rufin nan har yau yana yoyo.

Ka tuna yadda kake raba ajinka na lissafi shida-shida? Ka juya bencina su fuskanci juna, ka sa mai ganewa ɗaya a kowane rukuni, kai kuma ka tsuguna wajen waɗanda aka bari a baya. Ni ina ajin kusa, ina cika allo da rubutu, yarana tsit. Naka kuwa sai ka ce kasuwar Rogo. Da sakamako ya fito, naka suka ci, nawa suka zube. Abin ya tsaya mini a rai.

Isiyaku, ni ne na gaya wa mai duba makarantu cewa ba ka koyarwa, hira kake barin yara suna yi. Ni ne. Shi ya sa aka mai da kai can makarantar Gwangwan mai nisa, kullum kana kan babur da ciwon ƙirjin nan naka. Ranar da takardar canjin ta zo, wa ka fara nuna wa? Ni. Har da riƙe baki ina salati. Ka miƙo mini littafin da ka rubuta rukunonin, ka ce in riƙe maka yaran amana.

Yanzu ajin naka yana hannuna, kuma na juya bencinan. Jiya wani ɗalibi da na daɗe da fid da rai a kansa ya tsaya yana koya wa 'yan rukuninsa. Malamai suna yaba mini dabara, ina sunkuyar da kai, su a zatonsu tawali'u ne.

Ranar jana'izarka liman ya roƙi jama'a, duk wanda ka saɓa wa ya yafe maka. Ina sahun gaba. Na ce na yafe, har da ɗaga murya. Ni, wai na yafe maka! To ni wa zai roƙar mini kai?

Allah Ya haskaka kabarinka. Sai mun zo.

Maƙwabcinka na bango ɗaya,
Habibu