An Yanke wa Karyar Bature Kunne a Hannuna

Assalamu alaikum Malam Edita, kai da duk masu karanta wannan fili na shawara. Don girman Allah kada ka sa sunana, kada ka sa sunan unguwarmu, ka ce dai wani mutum ne daga ƙasar Haɗeja. Ku kuma masu karatu, na san wasunku za su yi dariya in sun ji a kan kare nake kuka, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Wallahi bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, in kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

Ni aikin lambu nake yi a gidan wani Bature da ke bayan gari. Ba zan faɗi aikinsa ba, don da na faɗa an gane shi. Yana da mata, ba su da ɗa, sai karnuka biyu. Namijin baƙi ne, ƙato, ba ruwansa da kowa, in ya ci sai barci. Macen ce abin magana. 'Yar ƙarama ce, ja, mai gashi, kunnuwanta dogaye har suna shiga kwano in tana shan ruwa. Da ita maigida yake zuwa harbin agwagin ruwa a fadama lokacin sanyi, ya harba, ta faɗa ruwa ta ɗauko masa. Uwargida kuwa kullum da safe sai ta ɗora ta a cinya, ta taje mata kunnen nan da mataji, ta goge cikinsa da auduga da wani magani mai wari, tana yi mata hira da Turanci. Ni dai ina ban ruwa ina satar kallo, ina cewa a raina Allah mai iko, 'ya'yana ma ba su samu wannan gata ba.

Da damina ta kusa sai lokacin hutunsu ya yi, za su tafi ƙasarsu. Kuku ya ce shi ma garinsu zai je. Sai maigida ya kira ni baranda, ya ce ni zan kwana a gidan, in tsare shi, in kula da karnuka har su dawo, nama kuma ya riga ya shirya da wani mahauci. Sannan ya ce, "To, nawa za ka karɓa?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ka ba ni." Ya ce a'a, shi ba ya son haka, in faɗi kuɗin da ya dace, kada in cuci kaina, kada in cuce shi. To jama'a, ta ina zan fara? Mu a wurinmu in mutum zai yi tafiya ya bar maka gida, ba ka buɗe baki ka ce nawa ba, in ya dawo ya kawo maka tsaraba ka yi godiya. Kuma wa ya taɓa jin an yi jingar kiwon kare? Da awaki ne na san yadda ake yi, da doki ne akwai wanda zan tambaya. Ya ga na yi tsuru-tsuru, sai ya yi dariya ya ce in yi aikin tukuna, in auna wahalata, ran da ya dawo in faɗa masa, ba zai rage ko anini ba. Uwargida ta kama hannuna ta ɗora a kan kunnen karyar, ta nuna mini matajin da kwalbar maganin, ta ce da 'yar Hausarta, "Kullum, kullum." Na ce, "To."

Maganar kuɗin nan ta hana ni sukuni. Na je wurin malaminmu na tambaye shi ko abin da zan karɓa halak ne, ya ce ladan gadi ne da wahala, in karɓa, amma in tabbata na yi aikin da aka ɗora mini. Na ji rabin farko, rabin ƙarshe na bar shi a zauren. Mahaucin ya ce in faɗi fam guda kada in ji tsoro, Bature ba ya ƙin biya a kan kare. Wani abokina ya ce in ninka. Ni kuwa na dinga ninkawa a zuci, har na gaya wa mai ɗakina ta sa rai da saniyar tatsa bayan kaka. Ina ta lissafin ladan, aikin kuwa ban yi ba.

Ga laifina, ba zan ɓoye ba. Abinci na ba su, ruwa na ba su, gida na share, ko cokali bai ɓata ba. Amma kunnen nan ban taɓa shi ba, ko sau ɗaya. Ranar farko na ɗauko matajin na tsuguna, karyar ta juyo ta lashe mini hannu, na je na wanke hannu har sai da ya yi ja. Kuma masu wucewa ta bayan shinge zuwa gona sun riga sun fara tsokanata, wannan ya ce sannu makiyayi, wancan ya ce yaushe za a kai su kasuwa. In suka gan ni da kare a cinya ina yi masa kitso, ina zan sa kaina a garin nan? Na ce ai karnukan gari ba mai taje musu kunne, ga su nan garau. Na mayar da matajin cikin kabad na rufe.

Ruwa ya sauka, kogi ya cika, fadama ta malale har kusa da bayan gidan. Karyar nan ba ta ganin ruwa ta ƙyale, kullum tana ciki, ta fito kunne jiƙe sharkaf, ƙarangiya da laka sun cuɗe a gashin. Ta fara girgiza kai, ta fara susa da ƙafa tana kuka. Na ce zai wuce. Ran da wari ya ishe ni na ɗaga kunnen da tsinke, abin da na gani ba zan rubuta shi a jarida ba. Ƙuda ya riga ya yi aikinsa. Ta daina cin abinci, ta kwanta ƙarƙashin teburin uwargida tana kallona. Na fara tunanin inda zan kai ta. Akwai malamin dabbobi a gari, amma abokin akawun maigida ne, in na kai masa ita kafin la'asar labari ya kai ofis, daga ofis kuma sai takarda ta bi su har ƙasarsu.

Sai na tuna da surukina, mahaifin mai ɗakina. Tsohon mafarauci ne a wani ƙauye cikin fadama, duk yankin an san shi da karnuka, ba ciwon kare da bai sani ba. Na naɗe ta a buhu, na shiga kwalekwale da ita. Kun san tsakanin mutum da surukinsa. Na cire takalmi tun daga nesa, na tsuguna, ban ɗaga ido ba. Ya buɗe buhun ya duba, ya yi tsaki, ya ce, "Wane marar tausayi ne ya bar dabba da wannan kaya a ka?" Na ɗauka da ciwon yake, kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, a taimaka a yi mata magani, amanar Bature ce." Har na ƙara da cewa Baturen ya bar mini in faɗi ladana da bakina, in ya biya zan kawo masa nasa. Ya ce, "Kai yaro, ni zan karɓi kuɗinka? Bar ta nan, je ka tsare gidan mutane. In ta warke zan aiko."

Da ya aiko na je da murnata. Tun daga bakin ruwa na ga wata 'yar ja ta sheƙo da gudu cikin karnukan farauta, ta yi tsalle ta dafa mini gwiwa. Ban gane ta ba sai da na ga idon. Kunnuwan nan biyu babu su. An yanke su ƙasa-ƙasa, saura 'yan guntaye a tsaye, irin yadda mafarauta suke yi wa karnukansu don kada ƙaya ta kama su, kada naman daji ya samu abin cafka. Wurin ya warke tas, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi. Ni kuwa na zauna a kan laka, sai a lokacin na gane kayan da Baba ya ce an bar mata a ka, kunnuwan yake nufi. Baba ya fito yana murmushi ya ce, "Ka ga aiki? Ɗayan ya riga ya ruɓe, ba abin da za a yi masa sai wuƙa. Na ga in na bar ɗayan za ta zama abin dariya, sai na daidaita su. Yanzu ta zama kare. Shekaranjiya ma ta kama zomo." Ya ce mutane daga nesa suke kawo masa 'yan kwikwiyo da kaza a hannu don ya yi musu wannan yanka, amma ni ya yi mini kyauta saboda 'yarsa. Me zan ce? Mutumin da ya ba ni 'ya, ya ceci dabbar da na kusa kashewa, zan ɗaga kai in ce masa ya ɓata? Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Na ɗauke ta na shiga kwalekwale muka dawo gida.

Tun daga ranar ban sake cin abinci na ji daɗinsa ba. Na san halin maigidana. Yana da kirki in abu na tafiya daidai, amma na ga ran da mai kula da dokinsa ya bar sirdi ya ji wa dokin ciwo a baya. Bai tsaya a kora ba, sai da ya haɗa shi da 'yan doka aka kai shi gaban alƙali. Wannan fa ciwo ne da ya warke gashi ya rufe. Kunne yana tsirowa ne? Kuma shi ma da sauƙi a kan uwargida. In na rufe ido sai in gan ta ta sauko daga mota tana kiran sunan karyar, karyar ta fito a guje, ita kuma ta tsaya cak. Wace Hausa zan yi mata ta gane?

Kuku ya dawo makon jiya don ya gyara kicin. Da ya ga karyar sai ya ɗora hannu a ka ya yi salati irin na addininsu. Ya ja ni bayan ɗaki ya ce, "Abokina, hanya ɗaya ce. Ka kai ta daji ka gama da ita, mu ce maciji ne. Damina ce, kowa zai yarda." Na kai ta har bakin fadama da igiya, Allah ya gani. Ta zauna a gabana tana kaɗa wutsiya, ta ɗauka wasan ruwa muka zo. Na kasa. Dabbar da ban taɓa shafa ta ba lokacin da take bukata, yanzu ba ta da wanda take bi sai ni, a bakin ƙofata take kwana. Ban da haka ma, duk ƙauyen su Baba sun san ta, masu kwalekwale sun gan ni da ita zuwa da dawowa. Na yi tunanin in shiga jirgin ƙasa in sauka Birniwa wurin wani ɗan'uwana in ɓace, to iyalina fa? Kuma in na gudu, wa za su kama in ba tsohon ba?

Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. In aka tambaye ni wa ya yanke, in na ce ni ne, na yi ƙarya kuma gidan yari zan tafi, 'ya'yana ƙanana. In na faɗi gaskiya, za a je har ƙauye a taso dattijo mai furfura, a tsugunar da shi a gaban alƙali a kan kunnen kare, saboda alherin da ya yi mini. Mai ɗakina ba ta san komai ba har yanzu, jiya ma tana tambayata ko na tsai da kuɗin da zan faɗa. Kuɗi? Maigida zai zauna a baranda ya ce in auna wahalata in faɗi abin da ya dace. In na ce ba na son komai ya san akwai magana tun kafin ya ga karyar. In na faɗi ko sisi ne, da wane baki?

An aiko daga ofis cewa jirgin mako mai zuwa zai sauke su maigida a tashar Malam Madori. Labarin ya kai fadama, ban san ta yaya ba. Yau da hantsi ina share baranda sai ga Baba a bakin shinge, mutumin da bai taɓa taka gidan Bature ba. Ya kawo wa karyar wata igiya sabuwa da ya tufka da hannunsa, har da jar fata a wuyan. Ya ce ya ba da rigarsa ta salla a wanke a buga. Ya ce, "Ranar da za su iso zan zo da wuri. Ni zan riƙe karyar a bakin ƙofa in miƙa wa Baturen da kaina, in nuna masa yadda ake yi, don in ya samu wani karen ya san inda zai kawo. Kai dai ka tsaya kusa ka yi mana tafinta." Ya dube ni yana jiran amsa, fuskarsa cike da fara'a.

Na tsuguna na ce, "To, Baba."

Jama'a, ku dubi Allah ku ba ni amsa kafin jirgin nan ya iso. Me zan yi?