Sarki a Ƙetaren Teku

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwar da ta wajaba a kan 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana lafiya a can Amurka, kai da aikin jami'a. Mu nan unguwar Catford a London sai godiyar Allah.

Kaset ɗin da ka aiko ta hannun Kawu Sani ya iso bayan sadakar arba'in ɗin Mama. Mun saurara mu uku, ni da Bashir da autarka Hadiza. Ta'aziyyarka ta ƙare kafin ruwan shayi ya tafasa, sauran duk umarni ne: a mayar wa council, wato ƙaramar hukuma, da flat ɗin da ta ba mu haya, a sa Hadiza a jirgi zuwa Kano wurin Gwaggo, kada ta lalace a ƙasar Turawa.

Da kaset ya tsaya, Hadiza ta juyo ta tambaye ni da Turanci, wai ashe haka muryarka take? Tana goye ka tafi, yanzu ta kusa kamo ni tsawo. Na ji haushinka a ranar, ba zan ɓoye maka ba.

Ka tuna teburin kicin? Takardun digirinka sun cinye shi, sai a ƙasa muke cin tuwo. A nan ka koya mana tarihin da ya kawo ka London, yadda mutanen yankuna goma sha uku na Amurka suka rabu da Sarkin Ingila. Ka ce laifin sarkin ba mugunta ba ce kawai. Yana zaune a ƙetaren teku, bai taɓa taka ƙasarsu ba, amma yana yanka musu doka da haraji, su kuwa ba su da ko mutum ɗaya a majalisarsa.

In ka zo wurin da suka zubar da ganyen shayi a teku a Boston, har miƙewa kake yi kana kwatantawa da ludayi. Mama, da ta dawo daga sharar ofisoshi tun asuba, takan ce, "Malam, su dai sun zubar da nasu, kai sha naka kafin ya huce."

Kai ka ce mana ba da yaƙi suka fara ba. Roƙo suka yi ta aikawa, suna kiran kansu talakawan sarki masu biyayya, shi kuwa ko dubawa bai yi ba. Na tuna da wannan bayan ka samu aiki ka tafi da alkawarin za ka aiko mu biyo ka. Ni nake riƙe wa Mama lema a bakin akwatin tarho na kan kwana, tana zuba kwabbai tana lallashinka. Kullum amsar ɗaya ce, a ƙara haƙuri, takardu ba su fito ba. Ta yi haƙurin har ƙasa ta rufe mata ido.

Akwai darasin da ya fi zauna min. Ka rubuta 'yanci, ka rubuta 'ya'ya a ƙarƙashinsa, ka ce tushensu ɗaya. A Hausa ɗa shi ne wanda aka haifa, shi ne kuma wanda ba bawan kowa ba. Na daɗe ina alfahari da wannan a gaban yaran Turawa. Ban san za ka raba kalmomin biyu ba, ka ɗauki ɗaya ka hau jirgi, ka bar wa Mama ɗayar.

Na taɓa tambayarka, su da suka rubuta cewa duk mutane daidai suke, yaya aka yi suna da bayi a gonakinsu? Ka ce, "Mai neman 'yancinsa bai cika duba wanda ya taka ba." Ashe ka san karatun, Baba.

To ga abin da ya faru bayan kaset. Mun zauna a teburin nan, mun yi abin da ka ce su ma sun yi bayan yaƙi, da suka tsara yadda za su mulki kansu. Ni ina aikin jinya, cefane da girki nawa ne. Bashir yana tuƙa bas, shi zai riƙa zuwa makarantar Hadiza in an kira iyaye. Kawu Sani zai zo daga Barking ran Asabar ya kai ta Islamiyya. Sannan muka yi abin da ba ka yi ba, muka tambayi Hadiza. Ta ce a nan kabarin Mama yake, a nan za ta zauna.

Saboda haka Hadiza ba za ta Kano ba. Ba raini ba ne, kuma ba na ƙin Gwaggo. Amma wanda ba ya zama a teburin nan ba zai yanka mana doka daga ƙetaren teku ba. A bakinka na ji.

Ban daina sonka ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Har yau in ƙanƙara ta sauka ina tuna yadda kake cusa hannuna cikin aljihun kwat ɗinka a hanyar makaranta. Kwat ɗin na nan, Mama ta hana a bayar. Ka zo, Baba. Kujerarka na nan, za mu saurare ka kamar yadda muke sauraron juna. Ka zo ko don Hadiza ta ga fuskar da ke da muryar.

Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka makwancinta. Allah ya ba ka lafiya, ya karkato zuciyarka gida tun da sauran lokaci. In na ɓata maka, ka yafe min.

Wassalam. Ni ce Rabi, 'yarka, a duka ma'anoni biyun da ka koya min.