Fulogin Motar Malam

Litinin, 4 ga Oktoba, 1976

Yau ma yarinyar ta dawo da baƙin mai a farce. Na tambayi inda ta samo shi, ta ce Anti Mary ce ke wanke fulogin motarta, ita kuma ta riƙe mata. Na ce mene ne kuma fulogi. Sai ta zauna tana yi mini bayani kamar ni ce 'yar aji ɗaya, wai shi ke ba da tartsatsin wuta a cikin inji, in ya mutu mota ba ta tashi. Ni da na tsufa da alli a hannu.

Na ce ta je ta wanke hannu da toka. 'Ya mace da farce kamar na bakanike, wa ya taɓa gani.

A takarda ina iya rubuta sunanta, Saudatu. A baki ban taɓa ba, 'yar fari ce, kuma haka aka rene ni. Amma waccan, tun da ta kama hayar gidan da ke kallon namu bara, daga bakin ƙofarta take ƙwala shi: "Saudatu! Saudatu na!" Duk unguwar Bagadaza na ji. Nata a ina?

Laraba, 6 ga Oktoba

"Anti Mary ta ce." Da safe, da rana, har a kan tuwo.

Ba na ƙin matar. Nas ce a asibiti, 'yar Kaltungo, tana gaishe ni da ladabi, ba ta taɓa yi mini komai ba. Sai dai mace ta zauna ba miji, ta sayi Boswaja, ta riƙa buɗe bayanta a kan titi tana tura kai cikin inji maza na wucewa, wannan ba abin da zan so yarinya ta ɗauka ba ne. Na faɗa wa yarinyar haka. Ta ji, amma na ga ba ta yarda ba.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Ranar Lahadi sha bakwai ga wata za ta tafi Bauchi, makarantar koyon aikin jinya. Ni kwalejin horon malamai na so mata. Kowa ya san wa ya sauya mata ra'ayi.

Yau Mary ta shigo da yamma da farin kayan aikinta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malama, kada ki damu da zuwa tasha. In na fito daga coci ran Lahadin, ni zan kai ta har ƙofar makaranta."

Na ce an gode.

Bayan ta fita na tsaya ina kallon Fijon Malam, mijina, a ƙarƙashin rumfa. Tun rasuwarsa shekara biyu ba wanda ya tashe ta. Kaji na kwana a ƙarƙashinta. Malam Sallau da ya ce da kansa zai kai 'yarsa duk makarantar da ta samu, ko Ikko ce. A ce 'yarsa ta bar gidan ubanta a motar 'yar haya, tasa na nan an lulluɓe da tamfol?

Ba zai yiwu ba. Na aika a kira mini Iro.

Lahadi, 10 ga Oktoba

Iro ya zo tun hantsi. Cikin ƙannen Malam shi kaɗai ne in na kira ba ya cewa gobe. Ya kawo batir, ya sa an ba tayoyi iska, ya juye tsohon mai ya zuba sabo. Ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta ƙi.

Ya ce, "Yaya, fulogi ne. Duka huɗun sai an sake."

Na ce to ya cire su. Ya yi dariya, wai babbar motar da yake ja ta gas ce, ba ta da fulogi, don haka ba ya yawo da sifanar kwance shi. Ta Malam kuwa ta bi akwatin kayan aiki lokacin rabon gado. Gobe da asuba zai ɗauki auduga zuwa Kano, sai Asabar zai dawo, ya ɗaura su, ya kai mu Lahadi.

"Ki aika a aro ta Sista Mary," in ji shi. "A ciro ɗaya a tafi da shi kasuwa. Fulogi ba a sayensa da baki, sai an kai tsohon an gwada."

Yarinyar har ta miƙe za ta tsallaka titi. Na ce ta zauna. Na ce motar ubanta ba ta bukatar komai daga gidan can.

Ta kalle ni. Ban son kallon nan, sabo ne.

Litinin, 11 ga Oktoba

Da Mary ta ji labari, cewa ta yi, "Kai, madalla! Motar Baba za ta tashi!" Har da tafi. Ko ɗan ɓacin rai ban gani a fuskarta ba. Wannan ma ya ba ni haushi.

Talata, 12 ga Oktoba

Allah ya rufa asiri. Ina gyaran ɗakin Malam na ci karo da gwangwanin madara cike da ƙusoshi da tarkace, a ƙasansa ga fulogi guda, tsoho, bakinsa ya yi baƙi. Na gane shi daga kwatancen da aka yi mini ranar nan, farin tangaran a sama, ƙarfe mai zare a ƙasa. Ashe darasin bai tafi a banza ba.

Na ƙulle shi a bakin gyale. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 13 ga Oktoba

Daga makaranta na wuce kasuwa. Layin masu kayan mota ba wurin mace ba ne. Ƙasa duk baƙin mai, samari sun baje a kan tayoyi suna jin rediyo, kowa ya bi ni da ido. Tun da kuɗi ya shigo ƙasar nan kowane yaro ya zama mai mashin, ba mai gaida babba.

An nuna mini shagon wani Bappayo, dogon Bafillace mai furfura a gemu. Na kwance gyale na ajiye masa a kan katako.

"Irin wannan, guda huɗu."

Ya ɗaga, ya juya, ya dube ni. "Huɗu, Hajiya?"

Na ce ba Hajiya ba ce, Malama ce, kuma huɗu na ce.

"Mashin huɗu gare ku a gida?"

Yaran da ke bakin shagon suka yi ƙasa da kai suna murmushi. Na ga raini ne, don ya ga mace ita kaɗai. Na ce masa ban zo hira ba, abin da ke gidana ba ruwansa, ya ba ni abin da na nuna ko in yi gaba. Ya ce Allah ya ba ki haƙuri. Ya fito da iri biyu, ya ce wannan ya fi ƙarko, wannan ya fi sauƙi. Na ɗauki mai ƙarkon. Na gwada kowanne da tsohon, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, zare ɗaya. Ban bar wurin ba sai da na tabbatar.

Suna cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa, na kulle. Ba na son a ɗauka a tsallaka titi da su a ce Anti ta duba.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Mary ta ba ta agogo irin wanda nas ke maƙalawa a ƙirji. Tun la'asar take kallonsa. Ni na yi mata dambun nama da yaji da man shanu, na ɗinka mata zannuwan gado. Ta ce an gode, Iya. Agogon kuwa sai da ta kwana da shi.

Juma'a, 15 ga Oktoba

Na zaunar da ita na yi mata faɗa kan salla da ƙawaye da fita. Duk abin da na ce gaskiya ne. Amma ina magana ina jin muryata kamar a aji. Akwai abin da nake so in ce bayan wannan, ban san ta inda ake fara shi ba.

Can gidan kuwa dariyarsu nake jiyowa har magariba. Me suke cewa ne haka da ba ya ƙarewa?

Asabar, 16 ga Oktoba

Bari in rubuta yadda ya faru, ko da ba daɗi.

Iro ya iso bayan la'asar, ƙura har gira. Ya aro sifana a garejinsu amma ta yi wa ramin fulogin girma. Na kawo masa kwalayen da kaina, na miƙa masa a gaban yarinyar. Ya buɗe ɗaya. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, wa ya sayo wannan?"

Na ce ni.

"Na mashin ne. Na tsohuwar Hondar Malam ce, wadda ya sayar kafin ya sayi Fijo. Wannan in na saka a nan ramin zai haɗiye shi."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini. Sai maganar mutumin nan ta dawo mini, mashin huɗu gare ku a gida. Ashe tambaya ce yake yi.

Rana ta yi ƙasa, gobe Lahadi, masu kayan mota yawancinsu ba sa buɗewa. Yarinyar tana tsaye ta riƙe ƙofar motar, idonta ya kawo ruwa. Ban taɓa tunanin ita ma tana son tafiya a cikinta ba. Ban tambaye ta ba. Ba ta ce in aika ba, ba ta motsa ba, jira kawai take.

Ni na tsallaka titin. Da ƙafata.

Mary na tsinke zogale a tsakar gida. Na ce, "Sista, ina son aron sifanarki." Ta goge hannu a zani ta ɗauko, ta biyo ni gida. Ita ta ciro na cikin injin, dogo, mai kauri, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne da nawa. Ta ce, "Malama, shiga mu je, yanzu Bappayo ke rufewa."

Na shiga Boswajar. Ƙara kamar injin niƙa, kuma tana gudu fiye da yadda ya kamaci mace. Na faɗa mata. Ta ce, "To, Malama," ba ta rage ba.

Mun same shi yana sa kwaɗo. Ya gan ni, ya ga kwalayen a hannuna, ya cire kwaɗon ya buɗe mana. Mutumin kirki ne, na yi masa rashin adalci. Ya karɓi nasa, ya jera mana iri uku da suka yi daidai da na Fijon. Na ja baya na bar wa Mary. Ta ce a'a, motar gidanku ce. Ta nuna mini lambar da ke jikin tangaran ɗin tsohon, ta ce idonta ba ya ganin ƙananan rubutu da yamma, in karanta. Ƙarya take, mai saka allura a jijiya. Na karanta. Biyu sun yi daidai da lambar, na ukun ya bambanta da harafi guda. Na ture shi. Cikin biyun na ɗauki irin sunan da ke jikin na Malam, tun da shi ya zaɓa da kansa.

A hanyar dawowa ta ce, "Yarinyar nan taki ta ishe ni, wallahi. In zuba gishiri, Iya ta ce ba haka ake yi ba. In ninke zani, Iya ta ce. Ko allura na ce zan koya mata, sai ta ce bari ta ga ko Iya za ta yarda."

Na ce ba a rantsuwa a kan ƙaramin abu.

Wataƙila don ta faranta mini ta faɗa. Irinsu sun iya magana da marasa lafiya.

Kafin a kira isha Fijo ta tashi. Hayaƙi ya cika gidan. Ƙararta ba ta sake ba, yadda take in Malam ya dawo daga Kumo. Na shiga ɗaki na ɗan jima.

Lahadi, 17 ga Oktoba

An kai ta. Motar ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

Kafin mu tashi ta rungume Mary a ƙofar gida suna kuka su biyu, a kan titi. Na ce rana na yi. Mary ba ta bi mu ba, wai tana da aikin yamma. Jiya ta ce mini ba ta da shi.

A ƙofar makaranta yarinyar ta durƙusa. Na ce ta riƙe salla, ta kama kanta. Ta ce to. Ta riƙe bakin gyalena ba ta saki ba, har sai da Iro ya yi gyaran murya. Ban cire hannunta ba.

Da agogon a ƙirji ta shiga.

Talata, 19 ga Oktoba

Gidan shiru. Na dafa tuwo ya yi yawa. Zubarwa almubazzaranci ne, shi ya sa na aika can.

Alhamis, 21 ga Oktoba

Iro ya ce in ba a riƙa tashin motar ba za ta sake mutuwa, shi kuma ya tafi Jos. Mary ta shigo bayan aiki ta tashe ta. Na ce ba zai yiwu kullum in riƙa ɗora mata wahala ba, ta nuna mini inda ake murɗawa da inda ake takawa. Don batir kawai.

Na zauna a kujerar Malam. Ta yi mini nisa, Mary ta matso da ita gaba. Na taka, motar ta yi ruri, kaji suka watse har kan katanga. Mary ta riƙe ciki tana dariya. Na ce ban ga abin dariya ba. Ta ce, "A hankali, Malama, kamar kina taka keken ɗinki." Na sake. Wannan karon ta yi daidai.

Da za ta tafi ta ce hutun Disamba wa zai je ɗauko Saudatu. Na ce a motar ubanta za ta dawo. Ta ce ai lokacin Iro na tsakiyar jigilar auduga, wa zai tuƙa?

Na ce da sauran wata biyu. Na ce gobe ta zo da wuri, kafin layin ya cika da masu kallo.