Ajiyar Danladi

Talata da dare, watan huɗu

Yau na buɗe durowar da ɗana Danladi ya sa kafinta ya kafa mini, na tarar irin dawata ya zama gari. Ƙwari sun gama da shi.

Tun ina saurayi nake rataye zangarniyar iri a jikin azara, inda hayaƙin kaskona yake dukanta, ƙwaro bai taɓa kusantarta ba. Danladi ya zo hutu daga bariki ya ce, "Baba, ɗakin nan ba wurin sa ƙafa." Na ce ƙafata ce, ta saba. Bai ji ba. Ya sauke, ya sussuke, ya ƙulle a leda ya tura durowa. Ga hadari yana haɗowa ta wajen garin Dabai. Ni da nake ba mutane iri, gobe zan je roƙo wurin ƙanena.

To, shi ma ya bar ajiya. Farar shaddarsa ta zuwa coci tana ninke a kantar ƙasa ta durowar. Na ɓalle murfin, na jera wa jar kazata ƙwai goma sha biyu a kan shaddar. Ta kwanta abinta.

Cewa ya yi kowane abu ya sami wurinsa. Kaza dai ta samu.