Katantanwar da Ka Aiko wa Umma

Zuwa ga ƙanena, ɗan'uwana ciki ɗaya, Habibu, a duk tashar jiragen ruwan da wannan takarda ta riske ka.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawan yashin gaɓar Bahar Maliya, ina neman gafararka bisa shigo maka ta ƙofar da ba ka buɗe mini ba. Ba halina ba ne shanya zancen gida a idon jama'a. Amma yau wata bakwai ke nan lambarka ba ta shiga, shi ya sa na kafa wasiƙar nan a shafina na intanet, ko Allah zai sa wani ya nuna maka.

Ka tuna ƙunshin da ka ba wani mai zuwa Umara daga Norwe ya kawo mana unguwarmu Kurayyat a nan Jidda? Katantanwa guda ce da layi uku: kana lafiya, kuna kama dodon koɗin teku da kwandunan da kuke saukarwa ƙasan ruwa, a gaida Umma.

Ka san idon Umma ya tafi, don haka da yatsa ta karance ta. Ta ƙirga murɗe bakwai, daga tsinin kai zuwa faffaɗan baki. Ta bi tudun-tudun da suka kwanta a bayanta a lanƙwashe kamar kunyoyin gona, da siraran layukan da suka gitta su. Ni na ba ta labarin launi: ƙasa-ƙasa mai ratsin toka a waje, ciki kuwa fari kamar tangaran. Ta ce, "Mai gidan nan ba rago ba ne, ya yi katanga mai kauri."

Na kai ta kasuwar kifi. Wani tsohon masunci ɗan Yaman ya jujjuya ta, ya ce, "Ya akhi, wannan ba ta tekunmu ba ce. Ruwanmu dafa mai ita zai yi." Na bincika, na tarar da gaskiyarsa. Halittar arewacin Atlantika ce, daga gaɓar Norwe da Ingila har Kanada, tana rarrafe a kan yashi da taɓon ƙasan teku, ɗumi kuwa ajalinta ne. Tun ranar ban sami sukuni ba. Kai da ko fankar masallaci ke sa maka mura, me ya zaunar da kai a can?

To ga laifina. Da shirunka ya yi tsawo, Umma ta daina cin abincin kirki, kullum kunnenta na ƙofa. Sai na fara rubuta wasiƙu da sunanka, ina karanta mata kowace Juma'a bayan la'asar. Da abin da na tsinto game da dodon koɗin nan nake cika su, har da yadda yake jan murfi ya rufe bakinsa in ya ji motsi. Ta koma cin abinci. Wata huɗu asirina a rufe.

Halina ne ya tona ni. Alƙalami ya ɗebe ni, na rufe wata wasiƙa da cewa:

Teku ta yi sanyi har ta haifi ƙanƙara,
Begen Umma ya kama ni kafin in ankara.

Ina kai ƙarshe sai ta ce, "Tun yaushe Habibu ya koyi ƙafiya? Mutumin da ko gaisuwa sai an jawo ta daga bakinsa?"

Tun daga nan ko ruwa ba ta karɓa a hannuna. Ta ƙudurta cewa ka rasu, ni nake ɓoye mata. Ta ce magana ta ƙare, in Rajab ya kama babu labari, za ta tara jama'a a yi maka addu'ar mamaci. Ina so in hana ta, amma da wace hujja, Habibu? Ni ma ban sani ba. In fita bakin teku in dawo, in zauna in tashi, aikina ke nan.

Ɗan'uwana, in fushi kake da ni, riƙe fushinka, amma ka tausaya wa tsohuwa. Kada ka aiko da murya, domin muryarmu ɗaya ce, ba za ta ƙara yarda ba. Ka rubuto da gaggawa, kafin watan ya tsaya, ka sa maganar da ta raɗa maka a kunne ranar tafiyarka, wadda ni ban ji ba. Ta riga ta ce limamin unguwa ne zai karanta mata, ba ni ba.

Allah Ya tsare ka a tudu da ruwa, Ya sa da rai wannan ta same ka.

Yayanka mai jiran amsa,
Abdulwahab
Kurayyat, Jidda