Akushin da na shafa wa baƙin mai

Assalamu alaikum Baba, da fatan rahamar Allah tana tare da kai a makwancinka. Ɗanka Nafi'u ne, wanda ka yi ta fama da shi ya riƙe gizago ya ƙi, ya zaɓi acaɓa.

To, babur ya ci gwiwata, ga ni da furfura na dawo wa icce. Wata biyar na yi ina koyon gurza katako a inji, wurin wani Oga Tasi a bakin titin Kano, nan Bebeji. Da ka ga injin da ka yi tsaki. A ɗaure icce, janareta ya juya shi kamar mahaukaci, kai kuma ka kanga masa kurfi, ƙarfen gurzawa. Abin da kake kwana uku kana sassaƙawa, shi kafin azahar ya gama.

Ranar farko na danna kurfin da ƙarfi irin na mai saran kara, iccen ya kuɓuce ya fasa mini leɓe. Na yi wata guda ina fitar da muciya mai ciki ɗaya kamar ta haɗiyi ƙwallon goruba. Garin katako kuwa har a majinata. Duk wannan bai dame ni ba, wahalar koyo ce.

Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne akushi. Na tuna yadda kake ajiye icce ya shekara a inuwa, ka babbake shi da jan ƙarfe, ka yi ta murza masa man kaɗe har ya yi baƙi sidik. Oga Tasi ɗanyen darbejiya yake gurzawa. In ya tsage a cusa gari da gam. Baƙin kuma, Baba, baƙin man da makanikai ke zubarwa daga cikin mota ne, a tsoma tsumma a shafe, a shanya. Abin da mutum zai ci tuwo a ciki! Kuma duk wanda ya tsaya taya, sai ya nuna ni da baki ya ce ga ɗan Audu Masassaƙi nan, aikin gado ne.

Ni kuma ina jin sa, ina sunkuyar da kai ina goga samfefa. Tir da ni.

Ka tuna Gwaggo Hansai ta Ba'awa, wadda ruwan Tiga ya tashi garinsu? Akushin da ka yi mata tun wancan lokaci bana ya rabe biyu, mijinta kuma tsufa ya kwantar da shi, ba ya yarda ya ci tuwo a roba. Ta ji labarin ɗanka ya koma sassaƙa, ta hawo mota takanas ta zo wurina.

Ni na gurza mata da hannuna. Shi ne na farko da ya fito mini daidai, bakinsa zagaye, gindinsa ya zauna. Daɗi ya cika ni har na manta kaina. Da Oga ya miƙo tsumman, na karɓa na shafa, alhali muryarka tana kunnena: “Duk abin da ba za ka iya lasa da harshenka ba, kada ka ba mutum ya ci a ciki.”

Bayan mako ta dawo. Na ɗauka faɗa ta zo yi. Ashe busasshen kifi ta ƙunso mini na godiya. Ta ce tuwon yana ɗan bugun wani wari, tsohon har ya yi amai sau biyu, amma ta san hancinsu ne ya tsufa, don ɗan Audu ba zai ba su abin banza ba.

Wallahi Baba ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta wannan rana ba.

Washegari na je Ba'awa, na durƙusa na faɗa musu komai, na karɓo akushin na jefa a wuta. Hayaƙin da ya tashi irin na ƙona taya ne. Wurin Oga Tasi kuwa na bar shi, zan nemi wani injin a Dangora ko da shara zan fara.

A can Ba'awa na so Gwaggo ta zage ni, da na samu sauƙi. Sai ta ce in tashi in tafi, ba wanda zai ji wannan magana daga bakinta, saboda kai. Shekara tara kana ƙasa, Babana, kuma har yau kai kake rufa mini asiri.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ba tsohon nan lafiya, Ya yafe mini abin da na ciyar da shi.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Nafi'u